Kafin ka jawo tsohuwar akori-kura gida: shasi da bodi za ka saya, maganar inji ta biyo baya

Duk wanda ya zo min da maganar wai yana son ya sayi tsohuwar akori-kura ya tashe ta, tambayar farko da yake jefo min ita ce wane inji zan ɗora mata, ni kuma amsata ba ta canzawa, malam ajiye maganar inji tukuna, ka kwanta ka leƙa ƙarƙashinta kuwa? Yawanci sai ka ga mutum ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, nima haka na yi a tawa ta farko, na je na tarar da ita ta sha sabon fenti tana ƙyalli, mai ita ya murɗa makulli bugu ɗaya ta tashi, ƙarar injin nan ta shiga kaina, ban ko durƙusa ba na biya. Sai da muka ɗaga kan motar daga shasi bayan wata biyu sannan na ga abin da na saya, wajen da sifirin na baya yake kamawa ƙarfen ya zama kamar busasshen ganye, ka sa yatsa ya ɓurma, ƙasan ƙofofi kuwa fila ce zalla aka shafe aka bi da fenti. Injin da ya ruɗe ni lafiyarsa ƙalau, shi kaɗai ne ma mai lafiya a jikin motar, amma shekara biyu ta yi a tsaye muna fama da walda.

To shi ya sa nake cewa inji shi ne abu mafi sauƙin gyara a tsohuwar mota. Inji noti ne da kusoshi, ka kwance ka sauke, ka yi masa ringi da metal, ko ka ɗauko wani irinsa ka ɗora, aikin sati biyu ko uku ne in kayan suna hannu. Tsatsa fa? Ita ba a kwance ta da sifana, sai an yanke an ƙera an liƙa, kuma duk inda ka gan ta a fili to ka tabbata wadda take ɓoye ta ninka ta.

Amma bari mu faro daga farko. Kafin ka fara yawon duba motoci ka zauna ka faɗa wa kanka gaskiya, me za ka yi da ita in ta tashi? Akwai mai son ta koma sak yadda ta fito daga kamfani, har launin fenti da kujera da sitiyari, wannan shi ba ruwansa da sauya inji, nasa aikin shi ne neman motar da ba a taɓa yi wa kwaskwarima ba. Akwai mai son ya riƙa hawa kullum, ya je aiki ya dawo, ya yi doguwar tafiya ba tare da fargaba ba. Akwai kuma wanda aiki zai sa ta, ɗaukar kaya da jan tirela. Mutum uku ne, mota uku ce, inji uku ne, in ka ce duka ukun kake so a mota ɗaya to kuɗinka ne zai gaya maka gaskiya a tsakiyar hanya.

Sai zaɓen iri. A nan shawarata ba ta da daɗin ji amma ita ce, ka zaɓi motar da aka ƙera da yawa, ba wadda kai kaɗai ne da ita ba. Motar da ba kowa ke da irinta ba tana da daɗin nunawa, sai ranar da gilas ɗin gaba ya tsage ko robar ƙofa ta mutu ka yi wata shida kana nema. Cikin na Amurka, Chevrolet C10 ta 1967 zuwa 1972 da ƙanwarta ta 1973 zuwa 1987 wadda suke kira Square Body saboda jikinta mai kusurwa, waɗannan kusan babu abin da ba a ƙera sabonsa har yanzu, daga ƙofa har ƙasan kai har ƙaramin maɓallin fitila. Ford F-100 ma haka, an yi ta daga 1953 zuwa 1983, sannan F-150 ta shigo a 1975 ta gaje ta. Dodge tana da injina masu ran ƙarfe amma kayan bodinta sun fi wuyar samu, ka san da wannan kafin ka faɗa. Cikin na Japan kuwa Toyota Hilux da ta fara fitowa a 1968, da Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya irin FJ45 da kuma jerin 70 da suka fara a 1984, sai Datsun 620 ta 1972 zuwa 1979 da 720 da ta biyo ta. Na Japan ɗin nan injinsu ba ya mutuwa da wuri amma ƙarfen bodinsu siriri ne, tsatsa tana cinsu kamar gara. Sai Peugeot 404 da 504 na Faransa masu buɗaɗɗen baya, su ma suna da masoyansu kuma gyaransu ba wuya. Wanne ne ya fi? Wanda kayansa suke kusa da kai kuma bakaniken da za ka riƙa kai wa ya san cikinsa, ba wanda ya fi kyau a hoton intanet ba.

Wata 'yar dabara, a na Amurka mai gajeren baya ita kowa ke rububi don ta fi kyan tsari, saboda haka ta fi tsada, mai dogon baya kuwa inji ɗaya ne, kai ɗaya ne, ga sauƙin kuɗi ga ɗaukar kaya. In ba gasar kyau za ka kai ta ba ka ɗauki doguwar.

Yanzu ranar zuwa dubawa. Kar ka yarda da cinikin biri a sama, hoto ba ya nuna tsatsa, kuma kar ka je da daddare ko ana ruwa don jiƙaƙƙen fenti duk kyau yake yi. Ka tafi da tocila, da sukudireba mai kauri, da ƙaramar guduma, da mayen ƙarfe ɗan ƙarami, da tef na awo, da kwalin da za ka shimfiɗa ka kwanta. Ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu. Da isarka kar ka buɗe bonet, ka kwanta ƙasa tukuna. Ka bi shasin nan daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa da guduma, lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi tangaran, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar ka bugi katako, wani lokacin ma ɓawo ya zubo maka a fuska. Inda za ka fi tsayawa shi ne wajen da sifirin ke kamawa, da wajen da akwatin sitiyari yake ɗaure don nan yana tsagewa musamman in an taɓa sa mata manyan tayoyi, da ƙarafan da suka gitta tsakanin ɓangarorin biyu, da kujerun da kan motar ke zaune a kai. Shasin da yake a rufe kamar bututu mai kusurwa huɗu, irin na Hilux da Land Cruiser, shi daga ciki yake ruɓewa, laka da ruwa su shiga su kwanta, waje ka gan shi sumul ciki kuwa ya gama, don haka ka zura sukudireba ta ramukan da ke jikinsa ka ji abin da zai fito. Tsatsar sama-sama wadda ka kankara ka ga farin ƙarfe ba komai ba ce, kusan kowace tsohuwar mota tana da ita. Wadda take tashi falle-falle ko sukudireba ya shige, wannan ita ce ake gudu.

Sannan ka ja tef ka auna shasin a gicciye, daga wani rami na gaba ta hagu zuwa takwaransa na baya ta dama, ka sake ɗaya gicciyen, in awon biyu ya bambanta sosai to motar ta taɓa cin karo ta karkace, kuma mota mai karkataccen shasi har abada tana cin taya tana tafiya a kaikaice kamar kaguwa. In ka ga walda a tsakiyar shasi ka tambayi dalili, ba kowace walda ce matsala ba amma wadda aka liƙa faranti a kan tsatsa aka shafe da baƙin fenti mai kauri, to an ɓoye wani abu ne.

Ka tashi ka koma kan motar. Ɗaga tabarmar ƙasa ka ga falon, duba kusurwoyin baya na kai ta ƙasa, da dokin ƙofa, da ƙasan ƙofofin kansu, da gefen gilas ɗin gaba inda roba ta kama, da magudanar ruwa ta saman rufi. Gefen gilas ɗin nan da wajen da ke ƙarƙashinsa inda iska ke shiga su ne mafi muni, don aikin wurin sai an cire gilas an kwance dashbod, kuma ruwan da ke shiga ta nan shi ne ke zuwa ya cinye falon. Mayen ƙarfen da ka zo da shi ka naɗe shi da ƙyalle ka riƙa bin bodin da shi, inda ya kama ƙarfe ne, inda ya saki fila ce. Ka buɗe ƙofa ka ɗan ɗaga ta sama, in ta yi wasa ko sai an ɗaga take rufuwa to ko dai hinjin ya ci ko ginshiƙin ya ruɓe. Ni yanzu wallahi na fi son in ga mota da tsohon fentinta ya ƙoƙe rana ta cinye shi, da in ga wadda aka fesa jiya, don ƙoƙaƙƙen fenti ba ya ƙarya.

Ka kuma ƙirga ƙananan kaya, don su ne ke cin kuɗi a ɓoye. Hannun ƙofa, agogon dashbod, gilasan fitilu, ƙarafan ado na gefe, ragar gaba, murfin baya da sarƙoƙinsa. Mota cikakkiya wadda ba ta tashi ta fi min wadda take tashi amma an wawashe ta. Wadda kuma wani ya riga ya kwance ya zuba a kwalaye ya gaji ya ce zai sayar, sai ka yi hattara sosai, ba ka san me ya ɓata ba, kuma ba kai ka kwance ba balle ka tuna inda kowane noti yake.

Takardu kuma kar ka ce sai daga baya. Lambar shasi da ke buge a jikin ƙarfe ta zo daidai da ta farantin da ke jikin ƙofa ko cikin bonet, ta zo daidai da ta takarda. In an ga alamar an goge ko an sake bugawa ka juya ka tafi komai arahar ta. Kuma tunda kana tunanin sauya inji, ka binciki dokar ƙasar da kake, don wasu wuraren sai an rubuta sabuwar lambar inji a takarda, wasu kuma suna da ƙa'idar hayaƙi da ba za ta bari ka sa injin da ya girmi motar ba.

Toh yanzu ka buɗe bonet ɗin. Ka roƙi mai motar tun a waya kar ya tashe ta kafin ka zo, da ka iso ka ɗora hannu a kan injin, in da ɗumi to an riga an ɗumama shi don kar ka ga yadda yake wahalar tashi da sanyi. Zaro sandar awon baƙin mai, in ka ga man ya yi fari-fari kamar an dama shi da madara to ruwa na haɗuwa da mai, gaskit ya ƙone ko tof silinda ya tsage. Buɗe lagireto tun yana sanyi ka ga ko mai na yawo a saman ruwan. In ta tashi ka koma baya ka kalli salansa, shuɗin hayaƙi baƙin mai take ƙonawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan ta yi zafi ruwa ne, baƙi kuma fetur ko dizal ne ya yi yawa, wanda sau da yawa saitin kafireto ne ko nozul, shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Cire murfin zuba baƙin mai tana aiki ka ɗora tafin hannu, in tana huro iska da hayaƙi fuf fuf kamar tukunya to ringi ya tafi. In kana da ma'aunin matsi ka cire fulogi ka gwada kowace silinda, lafiyayyen tsohon injin fetur yakan ba da wajen 120 zuwa 160 psi, wato awon matsi, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne su zo kusa da juna, kar tazarar ta wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa ka ɗiga mata ɗan baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa, in lambar ta hau ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gaskit. In kuma motar ta shekara goma a ajiye ba ta tashi, kar ka yarda a haɗa batir a yi ta murɗawa, ka sa sifana a kan notin fuli na ƙaranshaf ka juya da hannu, in ya juya akwai rai, in ya ƙi to ya kafe, sai ka yi ciniki kamar motar ba ta da inji kwata-kwata.

To mun zo inda kowa yake jira. Hanya uku ce a gabanka, ka gyara injin da ta zo da shi, ko ka ɗora mata na zamani mai fetur, ko ka mayar da ita dizal.

Ni dai in injin asali bai fashe bulok ba, shi nake fara ba wa dama, kuma dalilina ba wai son tsohon abu ba ne kawai. Komai na motar an yi shi ne daidai da shi, kujerun inji, giya, lagireto, salansa, wayar totur, babu abin da za ka yanka ko ka ƙera. Kuma wasu tsofaffin injinan nan ba a yi kamarsu ba wajen juriya. Ɗauki Ford 300 mai silinda 6 a jere, lita 4.9, wanda aka yi daga 1965 har 1996, shi ba shi da bel ba shi da sarƙa a tayimin, haƙori ne ke juya haƙori, ga metal 7 riƙe da ƙaranshaf, ba ya gudu amma yana ja tun daga ƙasa kamar tarakta. Chevrolet na da 250 da 292 su ma shida a jere, Dodge na da 225 wanda yake a kishingiɗe gefe guda da ake kira Slant Six. In V8 kake so, wato mai silinda 8, Chevrolet 350 mai lita 5.7 shi ne injin da kayansa suka fi yawa da araha cikin na Amurka, danginsa tun 1955 ake yin su, Ford kuma na da 302 da 351, Dodge na da 318. A Toyota akwai 20R da 22R masu silinda 4, shi 22R lita 2.4 ne kuma abin da za ka lura da shi sarƙar tayimin ce, a na baya-bayan robar da ke riƙe sarƙar tana karyewa, sarƙar ta riƙa gugar murfi har ta huda hanyar ruwa, in ka ji ƙara car car a gaban injin lokacin tashi to ita ce, ka canza tun kafin ta haɗa maka ruwa da mai. Land Cruiser tana da 2F mai lita 4.2, shan mai kam yana sha amma ba ya gajiya. Injin fetur na Peugeot 504 kuma yana da wata falala, hannun rigar silindarsa zarewa ake yi, sai ka sayi sabon saiti da fistin da ringi ka zura, ba sai an kai bulok wajen gundura ba.

In za ka gyara na asalin akwai abu biyu uku da ya kamata ka yi tunda an riga an buɗe. Injinan da aka yi kafin farkon shekarun 1970 an yi su ne don fetur mai dalma, dalmar ce ke kare mazaunin bawul, fetur na yanzu babu ita, saboda haka ka sa a dasa masa mazaunin bawul mai tauri a ɓangaren hayaƙi musamman in zai riƙa jan kaya. Kamshaf ɗinsu kuma irin mai shafaffen tafet ne, yana son baƙin mai mai sinadarin zinc da yawa, musamman a awannin farko bayan an haɗa, mutane da yawa sun cinye sabon kamshaf cikin minti talatin saboda sun zuba man zamani sun bar shi yana silo. Sannan ka cire kwantak ɗin distiributa ka sa na lantarki, wannan ɗan canjin kaɗai zai raba ka da rabin wahalar tashi da safe, kuma ba wanda zai gani daga waje. In motar ta tsufa har ta kai masu batir na bolt 6, irin na kafin tsakiyar shekarun 1950, mayar da ita 12 ka sa altaneta.

Hanya ta biyu, injin zamani. A motocin Amurka wanda kowa ke ɗorawa shi ne dangin LS na kamfanin GM mai ƙera Chevrolet, musamman 5.3 da aka fara sa wa akori-kurar Chevrolet Silverado a 1999, da ƙaninsa 4.8 da yayansa 6.0. Dalili a fili yake, an yi su da yawan gaske, ƙarfinsu ya kusa ninka na tsohon shida a jere, suna tashi bugu ɗaya ko da sanyi, kuma sun fi kafireto tsimin mai. Amma fa kar wani ya ce maka ɗauka ne a ɗora. Kuɗin injin shi ne ƙaramin kashi a lissafin. Kana buƙatar kwamfutarsa da bakanikai ke ce wa biren bos da duk wayoyinta, kuma sai an cire mata tsaron makulli in ba haka ba ta tashi ta mutu bayan daƙiƙa biyu. Kafireto da matsin mai 5 zuwa 7 psi yake aiki, shi kuwa wannan wajen 58 yake so, kaga kenan sabon famfon mai, sababbin bututai, sau da yawa har tanki. Sai kujerun inji, sai kaskon baƙin mai na ƙasa wanda yakan bugi ƙarfen gitta sai an canza, sai salansa, sai lagireto da fanka, sai furofela a yanke ko a ƙara, sai agogon gudu da na zafi a sa su fahimci sabon injin. Ko wanne ƙarami ne, amma in ka tara su sai ka ga sun ninka kuɗin injin. Shawarata in za ka bi nan, ka sayi inji da giyarsa da kwamfuta da wayoyi da fedar totur duk daga mota ɗaya, in da hali ma ka ji shi yana aiki kafin a sauke. Tsince-tsince daga mota uku shi ke sa aiki ya kwana shekara. Kuma ka tambayi kanka wa zai duba maka in fitilar inji ta kama, in mai wayarin ɗinka bai iya na'urar karanta kwamfuta ba to ka gudu daga gara ka faɗa gidan zago.

Hanya ta uku dizal, kuma a nan ne mutane suka fi yin kuskure don suna jin sunan Cummins, kamfanin Amurka mai ƙera injin dizal, sai jikinsu ya ɗau rawa. Gaskiya ne injinsu 6BT mai lita 5.9 da bawul 12, wanda Dodge ta fara sawa a 1989, inji ne na ban mamaki, famfonsa na ƙarfe ne ba kwamfuta, waya ɗaya ce ke kashe shi. Amma nauyinsa ya kai wajen kilo 500, kusan ninki biyu na ƙaramin V8, ka ɗora wannan a kan ƙaramar akori-kura mai ɗaukar rabin tan sai gabanta ya durƙusa, sifirin da birki da sitiyari duk su gaza, ƙarfin murɗawarsa kuma ya tsinke giya da aksul na baya. Wurinsa babbar mota ce mai ɗaukar tan ɗaya ko kusa da haka. Ƙaninsa 4BT mai silinda 4 da lita 3.9 ya fi sauƙi amma shi ma ya haura kilo 300, ga tsawo, ga jijjiga da za ta kwance maka duk wani noti na dashbod. Ga ƙananan motoci dizal na Japan sun fi dacewa, Toyota 3L mai lita 2.8 ko 5L mai lita 3.0 a Hilux kusan gidansu ne, 1HZ mai lita 4.2 a Land Cruiser, TD27 a Datsun da Nissan, ko Isuzu 4JB1. Na Toyota ɗin nan bel ne a tayimin ɗinsu, da ka saya ka canza shi kar ka yarda da wai sabo ne, sannan duk wajen kilomita 100,000 ka sake, in ya tsinke fistin da bawul ne za su gaisa. Kuma injin Toyota da ake kira 2L mai tobo ba ya yafe zafi, sau ɗaya ya tafasa tof silinda na iya tsagewa, don haka lagireto mai kyau ba zaɓi ba ne.

Abu biyu da masu komawa dizal ke mantawa. Na farko, bustar birki da zuƙar iskar injin fetur take aiki, dizal ba ya yin wannan zuƙar, sai ka sa masa famfon zuƙa, wanda a na Japan da yawa yana manne a bayan altaneta, in ka manta ranar gwaji za ka taka birki ka ji shi kamar dutse. Na biyu shi ne lissafin aksul, kuma wannan ya shafi kowane inji ma. Tsofaffin motocin kaya da yawa haƙoran aksul ɗinsu 4.11 ne, wato sai furofela ta juya sau 4.11 taya ke juyawa sau ɗaya, giyar ƙarshe kuma ɗaya da ɗaya, to da taya mai tsayin inci 28 in kana kilomita 100 a awa injin na juyi wajen 3,000 a minti. Injin fetur zai jure duk da ihu da shan mai, amma Cummins da gwamnansa, wato abin da ke kayyade juyinsa, ke tsayar da shi wajen 2,500 ba zai ma kai ka wannan gudun ba. Sa giya mai obadiraib, wato ƙarin giya ta sama mai rage juyin inji, irin 700R4 ko 4L60E na GM da giyarsu ta huɗu take 0.70, sai juyin ya sauko wajen 2,100 a gudu ɗaya. Wallahi mutane da yawa da suke ganin sabon inji suke buƙata, giya mai biyar ko obadiraib kawai suke buƙata, tsohon injin nan nasu in ya samu ya numfasa a kan titi sai su ga kamar an canza musu mota.

Duk wanda ka zaɓa, birki ya riga inji. Motocin kafin ƙarshen shekarun 1960 da yawa mastarsu mai layi ɗaya ce, bututu ɗaya ya fashe ƙafa huɗu sun tafi gaba ɗaya, ka canza ta zuwa mai layi biyu ko da kana son komai ya zauna na asali. Duram ne a gaba a yawancinsu, C10 ma sai 1971 ta samu faifai a gaba, in ka ninka ƙarfin inji ka bar duram to ka ƙera abin da zai kai ka inda ba ka shirya ba. Bututan roba na birki da na mai duk ka zubar ka sa sababbi, tayoyi ma haka ko da zanensu bai ci ba, roba tana tsufa a tsaye. Wasu kuma kamar C10 ta kafin 1973 da F-100 na da, tankin mai a cikin kai yake bayan kujera, mutane da yawa suna mayar da shi ƙarƙashin bodin baya, in za ka sa injin zamani ai dama sai ka taɓa tankin, sai ka haɗa aikin wuri ɗaya.

Tsarin da nake bi yanzu, in na kawo mota ba na kwance ta. Ina fara tashin injin da ta zo da shi ko da yana hayaƙi, in gyara birki da sitiyari da fitilu, in hau ta wata biyu ko uku a haka da munin fentinta. A cikin wannan hawan ne take gaya min abin da take so, ko giya ce ke ihu, ko gaba ne ke rawa, ko ƙarfin ne da gaske bai isa ba. Ta ƙarshe da na yi, na riga na gama shirin ɗora mata V8, har na fara tambayar kujerun inji, sai da na hau ta na ga shidan nan da ke ciki ba abin da ya rasa sai ringi da saitin kafireto, na sa mata giya mai biyar na bar shi. Ranar da za ka fara kwancewa kuma ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa, kowane saitin noti ka zuba a leda ka rubuta sunansa da maka, wayoyi ka manna musu takarda, don bayan wata takwas ba za ka tuna ko jar wayar nan ta hon ce ko ta fitilar birki ba.